Duwatsu Biyu a Bakin Rijiyar Arɗo

Kwana uku wata mota mai dogon ƙarfe ta yi tana huda ƙasa a bayan gidana. Tun hantsi take ruri har la'asar, kajin unguwa duk sun watse, jikokina kuwa sai da sanda ake kora su makaranta saboda kallo. Jiya da azahar ruwa ya yi tsartuwa sama, yara suka ɗauki shewa, masu aikin suka naɗe kayansu suka tafi. Ba wanda ya shiga ramin, ba wanda ya damƙi ƙasar ya shinshina ya ji ko ruwa ya kusa. Ban ce abin ba shi da kyau ba, matan unguwarmu sun huta, ni ma da ruwan na yi alwala yau da safe. Sai dai ni ɗan mahaƙin rijiya ne, kuma kunnen da na taso da shi bai san wannan ruri ba. Abin da ya sani shi ne bugun dagi daga can ƙarƙashin ƙasa, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta, da kukan igiya a kan itacen bakin rijiya, da muryar mahaifina tana tasowa daga cikin rami, ta yi kauri ta yi zurfi, tana cewa, "Ja!"

A zamanin da nake faɗa, daga Zagga zuwa Lafagu, har ƙetaren iyaka cikin ƙasar da muke kira ta Faransi, in ana son rijiyar da za ta wuce mai ita, Baba ake aiko wa. Iyakar ma a lokacin ba komai ba ce sai wani ɗan ginshiƙi da awaki ke sosa jiki da shi. Ka wuce shi, gaisuwa ta koma Dandanci, harshen Dandawa, tuwo kuwa yana nan yadda ka baro shi. Da an gama girbi Baba yake ɗaura kayansa a kan jaki: dagi, gatari, kwandon kwasar ƙasa, igiyoyin rama, da wani zare mai ɗaure da dutse a ƙarshensa. Wannan zaren shi yake kira alƙali. Duk gaba ɗaya da ya haƙa, wato tsawon hannu biyu a buɗe, sai ya sa a sako masa alƙali daga tsakiyar bakin ramin, ya auna bango da shi ta kowane gefe. Yakan ce ido na son zuciya, amma dutse a bakin zare bai san ɗan sarki ba. Aikina tun ina ƙarami shi ne murza igiya, da jiƙa ta, da bin ta da yatsa kowace safiya in ji inda ta fara saki. Sai kuma shara. Kafin Baba ya sauka, dole in share kewayen ramin tas, kada a bar ko tsakuwa. Tsakuwar da za ka harba wa akuya ta yi maka kallon banza, in ta faɗo daga gaba goma sha biyar sai ta fasa kan mutum. "Rijiya ba ta kashe na ƙasa," in ji Baba, "na bisa ka kashe shi." Saboda haka bai taɓa yarda bare ya riƙe masa igiya ba. Ƙanensa, Baffana, shi ke tsaye a baki shekara da shekaru, har daminar da zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidan. Kowa ya san igiyar hannun wa za ta koma.

To, amma ina makaranta. Ba da son Baba na shiga ba, hakimi ne ya ce kowace unguwa ta ba da yaro, ƙuri'a ta faɗo gidanmu. Na shiga da girmana, ina aji na ƙarshe a shekarar da aka sauke tutar Turawa aka raba mana ƙananan tutoci masu kore da fari, muka yi ta kaɗa su ba mu san takamaimai abin da ya sauya ba. Yau yaro na riƙe da waya, duk abin da ya tambaye ta sai ta ba shi amsa kafin ya rufe baki, kuma ban ga yana mamakin komai ba. Mu kuwa allo ɗaya ne, littafi ɗaya a hannun malami, amma in magana ta shiga kunnenmu sai mu kwana bakwai muna juya ta a bakin kogi da wajen kiwo.

Malaminmu wani siriri ne mai keke, daga gabas aka turo shi, ba ya duka sai dai ya yi ta tambaya har ka gwammace duka. Wata safiya ya shigo, ya ɗaga alli sama ya sake shi. Allin ya faɗi ya karye.

"Wa ya ja shi ƙasa?" ya tambaya.

Muka yi dariya. Wani ya ce ai faɗuwa ya yi. Malam ya ce to me ya hana shi faɗuwa sama, ko gefe, wajen taga? Dariya ta ɗauke. Nan ya gaya mana cewa ƙasa jan abubuwa take yi zuwa cikinta, kuma ba ita kaɗai ba, duk abin da ke da jiki yana jan ɗan'uwansa, gwargwadon girmansa. Ƙasa na jan allin, allin ma na jan ƙasa, sai dai nasa jan bai kai a ji ba. Da wannan jan ƙasa ke riƙe da wata kada ya ɓace, da shi rana ke riƙe da ƙasa. Sannan ya ƙara wadda ta fi tsaya mini a rai: in ka saki babban dutse da ƙarami tare, tare za su isa ƙasa.

Na kawo maganar gida da zafinta, na zuba ta a gaban Baba yana cin tuwo. Ya saurare ni har na gama, ya lashe yatsa.

"Wanga malami naku, ya taɓa shiga rami?"

Na ce ban sani ba.

"To ni cikinshi na tsuhwa. Babban dutse shi ka riga isa. Ko jakina ya san haka."

Da maganar ta tsaya nan, da shi ke nan. Amma ranar Juma'ar da ta biyo baya Malam ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Ya zo roƙon a bar ni in zauna jarrabawar wucewa makarantar gaba, wadda in na ci sai in bar gari. Inna ta aiko da fura a ƙwarya, ni na durƙusa daga bakin zaure. Baba ya bar baƙonsa ya sha ya huta, sannan ya shiga ɗaki ya fito da alƙali, ya riƙe zaren kusa da bangon zauren.

"Malam, an ce ka ce komi na jan komi. Ga bango, ga dutse. Mi ya hana shi karkata?"

Malam ya ce bangon na ja, amma ina bango ina ƙasa duka? Kamar tururuwa ce da raƙumi suke jan igiya ɗaya. Ya ce a gindin babban tsauni masu awo sun ga irin wannan zaren ya ɗan kauce, kaucewar da ido ba ya kamawa sai da na'ura.

"Mu dai mun san Allah ka riƙe da sama da ƙasa," in ji Baba.

"Haka ne, Baba. Shi ya sa wa wuta zafi, shi ya sa wa ƙasa ja. Mu awo kawai muke yi."

Baba ya gyaɗa kai, wannan ta shige shi. Sai ya kawo ta ƙarshe. Ya ce in har ƙasa ta fi jan babban dutse, yaya za a yi bai riga ƙarami isa ba? Malam ya ce ta fi jansa, amma shi ma ya fi wuyar tayarwa. Jaki ɗaya da taiki ɗaya, jaki goma da taiki goma, ai tafiyarsu ɗaya ce.

"Baki ya iya," Baba ya ce. "Amma rami ba shi jin Hausa. Ina da rijiya hannu, wajen Arɗo, yamma da Bahindi. Gaba sha takwas, ba mu kai ruwa ba, ƙasanta fa ne, dutse zalla. A saki duwatsu biyu. In munka ji ƙara guda, ka ɗauki yaro. In munka ji biyu, ya aje allo ya kama igiya, kuma kada ka sake jingine kekenka nan kan wagga magana."

Malam ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce ya yarda.

Ranar Asabar da sanyin safiya muka kama hanya, Baba a gaba, Malam na tura keke saboda yashi, ni a baya. Arɗo, wato shugaban Fulanin da suka sa a haƙa rijiyar don shanunsu, ya riga ya ji labari, ya zo da makiyaya biyar ko shida, sun dogara sanduna suna jira. Bazara ce, ganyen ƙirya ko motsi ba ya yi. Baba ya zaɓi duwatsun da kansa, ɗaya kamar kan mutum, ɗaya kamar ƙwan zabo. Ya ce tunda kaina ake magana, ni zan saki. Aka kora shanu nesa, aka ce kowa ya yi shiru. Mutane suka kwanta rub da ciki a kewayen bakin, suka miƙa kunnuwa. Har yau ina jin wannan shirun. Babu injin niƙa, babu babur, babu rediyo a aljihun kowa, sai kurciya ɗaya can nesa. Irin shirun nan ya ƙare a duniya, ko a maƙabarta yanzu sai wayar wani ta yi kuka.

Na durƙusa a kan itacen da aka gitta, babban dutse a dama, ƙarami a hagu, na miƙa hannuwa a kan duhun ramin. Sanyin ƙasa ya bugi fuskata. Nauyin babban ya fara jan hannun dama ƙasa.

"Bisimilla," in ji Baba. "Saki."

Na saki. Muka jira kamar numfashi biyu.

Dum. Sannan, tas.

Ƙara biyu, kuma babban ne ya riga. Makiyayan suka fashe da dariya, ɗaya ya buga sanda a ƙasa. Arɗo ya ce dama wa ya taɓa ganin maraƙi ya riga bijimi isa mashaya? Malam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, don ya riga ya ba da baki. Ni kuwa na zauna a kan ƙasar da aka tara. Ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani ɗan sauƙi, don ina son mahaifina kuma ina tsoron barin gida. Amma na ga allo ya rufe, na ga duk tambayoyin da ban gama yi ba sun bi duwatsun nan cikin rami.

Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana tsugune, yana kallon hannuwana.

"Ba a yi daidai ba," ya ce.

Arɗo ya juyo. "Kai ka ci, mi kake biɗa kuma?"

"Ku kunne kunka sa, ni ido na sa. Babban ya rinjayi hannunshi, ya kuɓuce mishi kahin ya buɗe na hagu. Wanga ba awo ba ne."

"To ai kai ta gyara ma. Ka bar ta haka."

"Arɗo, in na ga karkata a gaba na hwari na ƙyale, rijiyarka ka rubzawa bisa jikokinka. Ban iya ba."

Ya tashi ya sake zaɓo duwatsu biyu, babban ma ya fi na farko. Ya yanko zare biyu, ya ɗaure kowane dutse da nasa, ya rataye su a jikin itacen har gindinsu ya yi daidai, ya duba ya sake dubawa. Ya haɗa zaren biyu wuri ɗaya a bayan itacen, ya ɗauki gatari. Mutane suka koma suka kwanta. Sara ɗaya ya yi, zaren biyu suka tsinke tare.

Numfashi biyu.

Dum.

Muka ƙara jira, ko ta biyu za ta zo. Ba ta zo ba. Wani makiyayi ya ce watakila ƙaramin ya maƙale a bango. Baba ya sake ɗaura wasu, wannan karon babban sai da mutum biyu suka taya shi ɗagawa. Ƙara ɗaya. Ya yi na uku, shi da kansa ya ba Arɗo gatarin ya kwanta ya sa kunne. Ƙara ɗaya. Ya daɗe a kwance bayan ƙarar ta mutu, har na ɗauka wani abu ya same shi. Da ya tashi, ƙasa ta manne masa a gemu, bai kakkaɓe ba.

"Malam," ya ce, "in tambaye ka. In ina can ƙasa, gaba sha takwas, ƙasar da ke bisa kaina, ita ma tana jana? Sama ke nan?"

Malam ya dube shi. Ya ce, "Tana ja, Baba. Kaɗan ne ƙwarai, amma tana ja. Shekarata nawa ina koyar da wannan, ba ɗalibin da ya taɓa yi mini wannan tambaya."

"Hm," in ji Baba. Ya naɗe sauran zaren a hannu. "Ka ɗauke shi."

Muka kamo hanyar komawa. Da muka isa gida Inna na tankaɗe a tsakar gida, ta dubi fuskokinmu ta gane. Da ta ji yadda aka yi, ta ajiye rariya ta ce, "Allah ya ba ka ɗanka a hannu, kai ka mai da shi da gatarinka." Baba ya ce a ba shi ruwa ya wanke ƙafa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan a gidanmu kan maganar, har na ci jarrabawar.

Na yi karatu, na yi aikin awon hanyoyi, na ga garuruwan da Baba bai taɓa jin sunansu ba. Duk hutun da na zo nakan tarar yana aiki, wani Badande daga ƙetaren iyaka na riƙe masa igiya, mutumin kirki, ba ruwansa. Na ɗauka komai na tafiya yadda yake. Sai bayan rasuwar Baba, muna zaune da Inna tana tsinkar zogale, ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun daga rijiyar Arɗo, wadda suka fara da Baffana, ya ƙarasa ta da taimakon makiyayan, bai sake sauka fiye da gaba goma ba. In aka zo da aikin wuri mai zurfi sai ya ce ya yi alkawari a wani gari. Sannu a hankali manyan ayyuka suka koma hannun wasu, sunansa ya ja baya, ya ƙare yana yashe tsofaffin rijiyoyi a cikin gari. Ba ƙarfi ne ya ƙare masa ba, in ji Inna, hannun da zai ba amanar ransa ne babu. Kuma ya hana ta gaya mini. Na ce don me? Ta ce ya ce in na ji zan dawo.

Mutanen wancan zamani ba su iya faɗin abin da ke ransu ba, ko kuwa sun iya, ba su ga amfanin yawaita shi ba. Yanzu ina jin iyaye na gaya wa 'ya'yansu a waya sun yi kewarsu, sau uku a yini, kuma ban ga laifin haka ba. Ni sau ɗaya na ji makamancin haka daga bakin mahaifina, shi ma sai da na yi furfura na tabbata abin da na ji ke nan.

Ranar da zan tafi makarantar ne. Ya raka ni har bakin kogin Kwara, yana ɗauke da akwatin ƙarfena a ka, ya ƙi bari in karɓa. Mata na wanki, masu jirgi na loda buhunan shinkafa da tumaki, ana ta ciniki da Hausa da Dandanci. Ya ajiye akwatin a cikin jirgin, ya gwada zamansa da ƙafa, ya gyara shi. Ya ce in riƙe salla, in kiyayi abin mutane. Na durƙusa na yi masa sallama, na shiga. Mai jirgi ya ɗaga gora zai tura, sai Baba ya dafa bakin jirgin ya tsayar da shi.

"Wanga ja da malaminku ya ce," ya faɗa, yana kallon ruwa, ba ni ba. "In abu ya yi nisa, ƙarewa shikai?"

Na ce, "Raguwa yake yi, Baba. Amma Malam ya ce komai nisa ba ya ƙarewa."

Ya gyaɗa kai.

"To madalla," ya ce. "Tahi."

Ya tura jirgin da hannunsa. Bai tsaya ya ga mun ƙetare ba, rana ta fara ɗagawa kuma yana da aiki a Lafagu. Na bi bayansa da ido yana hawa gangaren, rigarsa ta jiƙe da ruwan kogi har gwiwa, har kukoki suka rufe shi.

Allah ya sa ramin da muka sa Baba ciki ya fi duk waɗanda ya haƙa sanyi da yalwa, shi da Inna, da Malam, da Arɗo, da duk waɗanda suka kwanta a bakin rijiyar nan suna saurare. Ni kaɗai na rage a cikinsu.